Filin Tambaya da Amsa: Gam daga man zurman da man waken suya

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan magana guda, wato ko za a iya samun gam mai kama katako daga man tsirrai maimakon wanda ake haɗawa da sinadaran man fetur. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Daga wani kafinta a Kano: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa a ƙasashen waje sun fara yin gam da man girki. Ni dai a sanina, ko ɗigon mai ne ya taɓa katako gam ba ya kamawa. Yaya abin da yake hana kamu zai koma gam? In na dafa man gyaɗa har ya yi kauri, zai kama?

Wa alaikumus salam, Malam. Saninka na nan daram. Man gyaɗa ko kwana ka yi kana dafa shi ba zai zama gam ba, ƙonewa zai yi ya cika maka shago da ƙauri.

Kowace ƙwayar mai tana da kai guda na gilisarin da dogayen jela uku. Jelolin nan suna zamewa a kan juna, shi ne santsin da kake ji a yatsa. Gam kuwa abu ne da yake shiga ƙofofin katako yana ruwa-ruwa, sa'an nan ƙwayoyinsa su sarƙe da juna su zama kamar koma, su daskare a ciki. To kafin ƙwayoyin mai su sarƙe sai suna da ƙugiya, kuma sai an kawo abin da zai haɗa ƙugiyar wannan da ta waccan.

Yawancin mai suna da wasu gaɓoɓi masu ninkin ɗauri a jikin jelar, waɗanda za a iya buɗewa a mai da su ƙugiya. Yawansu ake aunawa da abin da ake kira lambar aidin. Manja yana tsakanin 50 da 55, man kaɗe bai yi masa nisa ba, man gyaɗa 85 zuwa 100, na angurya da na riɗi 100 zuwa 120, na waken suya 120 zuwa 140, man linsid da ake sa wa fenti kuwa 170 zuwa 200. Mai lamba babba irin linsid yana shan iska ya bushe da kansa, shi ya sa ake kwaɓa shi da alli, kashi 15 na mai da 85 na alli, a yi fotin gilashin taga. Amma ko shi ɗin fata kawai yake yi a sama. A tsakiyar haɗin katako biyu iska ba ta shiga, sai ya yi makonni yana danƙo.

Mai guda ɗaya ne cikin waɗanda aka saba da su Allah ya halitta da ƙugiyarsa a shirye: man zurman, wanda wasu ke kira cika-gida. Tambaya ta gaba a kansa take.

Daga mai ƙaramar masana'antar kujeru a Kaduna: Ina iya samun man zurman da araha. Ina son a ba ni awon haɗa shi dalla-dalla, da abin da zan kiyaye.

Alhaji, kusan kashi 90 cikin ɗari na jelolin man zurman suna ɗauke da ƙugiyar da ake kira haidiroksil. Abokin haɗinta shi ne aisosayanet. In suka gamu sai su ba da foliyuretan, sinadarin da Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937. A Birazil an daɗe ana aiki da wannan haɗi, musamman a reshen Jami'ar Sawo Fawulo da ke garin Sawo Kalos, inda ake manna garin katako da shi a yi allo.

Tun farko ka san irin aisosayanet ɗin da za ka nema. Wanda ake so shi ne MDI mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai ɗan kauri. Kada ka yarda a ba ka TDI na masu yin katifa. Tururinsa yana tashi ko a inuwa, kuma yana jawo asma wadda ba ta rabuwa da mutum. Shi ma MDI ɗin ba abin wasa ba ne: safar hannu, tabarau, waje mai iska, kuma ba a fesa shi ba a ɗora shi a wuta. A Tarayyar Turai tun watan Agustan 2023 ba a barin ma'aikaci ya yi aiki da shi sai ya samu horo.

Sai gwajin man. Kasuwa ba ta rasa algus, kuma man zurman yana da wata alama da sauran mai ba su da ita: yana narkewa tas a cikin sifirit mai ƙarfi. Zuba cokali ɗaya na mai a cokali huɗu na sifirit ka girgiza. In ya fito garau, zurman ne. In ya yi fari kamar nono ko ya rabu gida biyu, an sirka shi da wani mai, ko kuma sifirit ɗinka ne aka tsinka da ruwa. Baƙin man zurman na gyaran gashi, wanda aka soya ƙwayarsa, bai dace ba. Wanda aka tatsa aka tace, mai launin rawaya-rawaya, shi za ka saya.

Daga nan sai busarwa, kuma a nan ne mafi yawan masu gwadawa suke faɗuwa. Zuba man a tukunyar silba mai faɗin baki, ka kai shi digiri 105 zuwa 110, ka riƙe shi a nan awa biyu kana juyawa har ƙananan kumfa su daina tasowa. Ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi. In ya yi tsartsatsi da ƙara, da sauran ruwa. In ya baje shiru, ya yi. Rufe shi ruf ya huce, kada ya sake shan raɓa.

Awo da sikeli ake yi, ba da gwangwani ba, domin litar man zurman giram 960 ce, MDI kuma ya fi ruwa nauyi. Lissafin kansa ga shi: giram 345 na man zurman yana cin giram 135 na MDI kafin ƙugiyoyi su yi kunnen doki, wato giram 39 ga kowane giram 100 na mai. Amma katako yana da danshinsa da zai cinye wani abu, kuma ragowar MDI ɗin ce take cizon jikin katakon. Don haka a aikin kafinta giram 50 ake sa wa giram 100 na mai. In ana son haɗi mai tauri, na ƙofar waje misali, a kai 60. Ƙasa da 40 roba za ka samu mai lanƙwasa.

Juya minti uku a hankali, kana kankare gefen mazubi da gindinsa. Da fari zai yi gurɓi-gurɓi, sai ya washe ya fara ɗumi. Daga nan kana da kamar rabin awa. A zafin Afrilu rabin wannan za ka samu, don duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin kamawa. Kada ka haɗa fiye da giram 200 a tashi ɗaya. In ya yi yawa a mazubi, zafin da yake fitarwa da kansa zai dafa shi kafin ka gama shafawa.

A shafa giram 150 zuwa 200 a kan kowace murabba'in mita, gefe guda ya isa. Katakon ya zama an fere shi ko an goge shi da samfefa a ranar, danshinsa tsakanin kashi 8 da 12 cikin ɗari. A matse har siririn layi ya ɓullo ta gefe, a bar shi awa 24. Cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana bakwai. In haɗin yana da 'yar rata, a ƙara giram 20 zuwa 30 na garin alli, amma allin ma sai an gasa shi ya bushe.

Kafin ka sa shi a kayan mutane, manna guntaye shida. Bayan mako ka fasa biyu da kurfi. Biyu ka jiƙa su kwana huɗu a ruwan sanyi, biyu ka tafasa awa shida, sa'an nan ka fasa su. Kwanakin da awoyin daga ƙa'idar gwajin gam ta Turai muka ɗauko su. Abin dubawa shi ne fuskar da ta rabu: in zaren katako ya yage ya bi gam ɗin, gam ya fi katako ƙarfi. In fuska biyu suka rabu sumul suna ƙyalli, da gyara.

Daga wani mai yin allon garin katako a Jos: Na haɗa man zurman da MDI kamar yadda wani ya kwatanta mini. Sai ya kumbura kamar ƙullin fanke, ya bushe da ramuka, ina murza shi yana marmashewa. Wani zubin kuma kwana uku yana danƙo. Mene ne laifina?

Ɗan'uwa, zubin farko ruwa ne ya ci ka. Aisosayanet yana son ruwa ƙwarai, kuma in ya same shi iskar kabon yake fitarwa. Giram ɗaya na ruwa yana lashe kusan giram 15 na MDI, ya saki iskar da ta haura lita guda. Ka ɗauka man naka yana da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ruwa, abin da ido ba zai gani ba. A giram 100 ka yi asarar giram bakwai da rabi na MDI, ga fiye da rabin lita na iska a cikin gam ɗin da bai cika kofin shayi ba. Man da aka fitar ta hanyar tafasa dakakkiyar ƙwaya a ruwa, irin na gida, shi ya fi wannan matsala, ga shi da tsami wanda shi ma kumfa yake haifarwa. Garin katakon naka ma abin zargi ne in da damina ka tara shi. Manyan masana'antu sukan zuba garin ziyolayit a cikin man don ya tsotse ragowar ruwa.

Zubi na biyu kuwa ɗaya daga uku ne: awon ido, ko man da aka sirka, ko MDI da ya tsufa. Duba bakin jarkar. In ka ga ɓawo mai tauri ko gudaji a ciki, ya riga ya sha iska, ƙarfinsa ya ragu. Kuma jarkar da ruwa ya shiga kada ka toshe ta da ƙarfi, tana iya kumbura ta fashe.

Da hunturu akan ga akasin haka. Katako ya bushe ƙayau, ya zuƙe gam ɗin, haɗin ya zauna da yunwa. A shafa sau biyu, minti biyar tsakani.

Daga wata ɗalibar kimiyyar sinadarai a Zariya: Aikina na kammala digiri a kan gam ne daga man waken suya, ba tare da aisosayanet ba. Ta ina zan fara?

Malama, sai kin fara ƙera wa man ƙugiya, wato ki mai da ninkin ɗaurin nan zoben ifoksi. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, da kayan gilashi. Ƙarfe da tagulla suna ruguza ferokzaid, kada su kusanci tukunyar.

Man da lambar aidin ɗinsa take 130 yana da mol 0.51 (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari) na ninkin ɗauri a giram 100. Awon da aka saba shi ne rabin mol na fomik asid da mol ɗaya da rabi na haidirojin ferokzaid ga kowane mol na ninkin ɗauri. A sikeli: mai giram 100, fomik asid mai ƙarfin kashi 85 giram 14, ferokzaid mai ƙarfin kashi 30 giram 87. Ki haɗa mai da asid, ki kai digiri 50, sa'an nan ki riƙa sakin ferokzaid ɗigo-ɗigo har tsawon awa guda. Haɗin yana fitar da zafi da kansa, saboda haka kwanon ruwan ƙanƙara ya kasance a kusa. Ki riƙe shi tsakanin 55 da 60 na awa biyar zuwa shida. Kada ki toshe bakin tulun, kada kuma ki haɗa asid da ferokzaid a gefe ki ajiye.

Abu biyu ne suke ɓata wannan aiki. In juyawa ta yi rauni, mai yana sama ruwa yana ƙasa, ba za su gamu ba. In zafi ya haura 70, zoben da kika ƙera zai riƙa buɗewa, man ya yi kauri, ki auna ki tarar babu komai. Bayan an gama a wanke da ruwan ɗumi, a bi da ruwan bekin soda mai rauni har tsamin ya mutu, in ya ƙi rabuwa a sa ruwan gishiri, a busar. Iyakar iskar oksijin ta zobe da lissafi ya yarda a samu a wannan mai kashi 7.6 ce; in kin samu 6.5 zuwa 7 kin yi aiki. Da man gyaɗa ba za ki kai 6 ba, da manja kuwa 3 da 'yan kai, shi ya sa ba a wahalar da kai a kansu.

Mai haɗa zoben mafi sauƙin samu shi ne sitirik asid, farin garin nan mai tsami da masu haɗa lemo suke saye. Giram 24 a narka a ruwan zafi giram 8, a zuba a giram 100 na man a digiri 90, a juya har farin ya washe. A gasa awa shida a 90, a ƙara awa 12 a 120. Kada ki sa ran zai yi taurin gam ɗin ifoksi na kanti. Jelolin mai dogaye ne masu laushi, abin da zai fito roba-roba ne. In aka rage asid ɗin ma yakan tsaya yana danƙo, irin na bayan salatif da takardar liƙa wa kwalba, kuma a ganinmu nan ne man waken suya ya fi dacewa.

Masu neman tauri sukan ƙara wani abu mai ƙashi. A 2023 ƙungiyar Jonathan Wilker ta Jami'ar Purdue a Amurka ta wallafa wani haɗi na wannan mai da malik asid da tanik asid, wanda ake kamar da shi da zafi, daga minti biyar na na'urar busar da gashi har zuwa awa 24 a digiri 180. Tanin ɗin nan shi ne abin da majema suke nema a cikin bagaruwa. Da mu ne ke, da mun jiƙa bagaruwa, mun tace, mun busar, mun gwada ta a gurbin tanik asid na kanti. Sai dai ruwan bagaruwa yana tafe da sukari da wasu tarkace masu jan danshi, dole gwajin jiƙawa ya shiga cikin aikin.

Daga manomin tumatir a Kura: Tarkon danƙo na kama ƙwari ya yi tsada. Na dafa ƙaro da man gyaɗa, ƙaron ya ƙi narkewa ya ƙone. Akwai dabara?

Malam, ƙaro abokin ruwa ne, ba ya narkewa a mai ko kaɗan. Wanda kake buƙata shi ne rozin, danƙon itacen fayin, mai kama da ƙanƙarar zuma, wanda masu gyaran rediyo suke tsoma bakin ƙarfen soda a ciki. Masu sayar da sinadarai suna da shi. Tsohon awo ne: rozin kashi 8, man zurman kashi 5, a sikeli. Daka rozin, zuba a man, ɗora a marar wuta kana juyawa har ya narke, kada ya tafasa. In ya kama da wuta a rufe da murfi, ba a zuba ruwa.

Shafa shi da ɗuminsa, siriri, a kan robar jarka mai ruwan ɗorawa da ka yanka. Takarda tana shanye man. Man zurman ba ya bushewa a iska, shi ya sa danƙon yake daɗewa. Da man waken suya ne da ya yi fata cikin 'yan kwanaki. In rana ta sa yana zuba, kai rozin kashi 9 ko 10. Ruwan ɗorawa farin ƙuda da ɗarɓa yake ja. Malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ta cinye tumatir a 2016 ba launi yake bi ba, sai an rataya masa ƙanshin macensa a tsakiyar tarkon. Ƙurar hunturu kuma tana rufe danƙon, a kankare a sake shafawa.

Daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Shin wannan gam da gaske ya fi na kanti alheri ga muhalli, ko talla ce?

Malam, da gaskiya a ciki, da kuma ƙari. Haɗin giram 100 na mai da 50 na MDI kashi biyu cikin uku ne daga gona, ɗaya daga man fetur. Ribarsa ta zahiri ita ce babu fomaldihaid a ciki, sinadarin da yake cikin gam ɗin yawancin fulawud da allon garin katako, wanda hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin masu haddasa sankara a 2004. Gam ɗin waken suya da ya fi samun kasuwa ma ba daga man aka yi shi ba: Kaichang Li na Jami'ar Jihar Oregon daga garin da ya rage bayan an tatse man ya haɗa shi, aka fara manna fulawud da shi a 2005.

Ƙasar da take sayo man girki daga waje kuwa bai kamata ta zuba na gyaɗa a katako ba. Zurman, da bini-da-zugu, da baƙin man ɓawon yazawa wanda yake maye gurbin wani kaso na finol, sinadarin da ake haɗa wani nau'in gam da shi, su ne ba sa takara da tukunya. Zurman yana jure ƙarancin ruwa, kuma jihar Gujarat ta Indiya ce take riƙe da mafi yawan kasuwarsa a duniya. Mai shirin tatsa ya sani cewa tunkuzarsa tana ɗauke da guba mai kisa da ake kira risin. Ba ta bin man, amma ba a ba dabba, ba a barin yara kusa da ita.

Gam ɗin da ya riga ya kama ba ya sake narkewa, kuma kasancewarsa daga tsiro bai sa ya ruɓe da wuri ba. Hayaƙin foliyuretan yana da guba. Guntayen katako da garin da aka share daga shagon da ake aiki da shi a ware su daban, kada su shiga buhun da ake sayar wa masu tuyar ƙosai da masu gashin tsire.